Mai Buga Ƙarfe

Ni ke buga ƙarfe a makarantar nan.
Tsohon wilin mota ne, rataye ga dogon yaro.
Shekara goma sha ɗaya ina ba shi kashi,
bai taɓa kai ƙarata ba.

Ban san boko ba, amma na san ƙafafu.
Na san mai silifa ɗaya ja ɗaya shuɗi,
na san wadda ke jan ƙafa
ran da ba a hura wuta a gidansu ba.
Rajista tana ofis, tawa tana ido.

Shi ya sa na riga kowa sani
da Muntari ya ɗauke ƙafa.
Bara ce, da gulbin Rima ya yi fushi,
ya shiga fadamar ubansa ba sallama,
ya kwashe shinkafa, ya bar masa bashin taki.
Na ga yaron a Runjin Sambo yana tura kura,
jarka goma, kansa bai wuce hannun kurar ba.
Ya gan ni, ya sunkuya, kamar ni ne hedimasta.

Na gaya wa Malama Luba.
Ba ta ɗauki bulala ba, mayafi ta ɗauka.
Ta ce, Baba Tukur, kai ka san gidan, shige gaba.
Muka tarar da uban zaune a zaure
yana gyaran fartanyar da ba ta da wurin zuwa.
Ya ce, Malama, karatu ba ya shiga tukunya.
Ta ce, gaskiya ne.
Shiru ya yi tsawo har na fara ƙirga azara.
Can ta ce, bayan ajinmu akwai fili,
ga famfo yana zuba a banza,
mu kuwa ba wanda ya iya albasa.

Wata bakwai ke nan.
Yanzu in na buga ƙarfen tashi, ba a tashi duka.
Uban Muntari na bayan aji yana ja da fangali,
yara a tsugunne suna dashe, yana yi musu faɗa.
Bayan la'asar mata su cika aji huɗu,
su matse a bencin 'ya'yansu, gwiwa na dukan tebur.
Inno na koyar da sabulu, Ige na riƙe da littafin adashe.
Ran Laraba ake ɗora tukunya,
shinkafa da wake, albasar tamu a kai.
Ranar ba na ganin mai jan ƙafa.

Ba duka aka samu ba, kar in yi ƙarya.
'Yan biyun gidan Hantsi sun tafi Illela, ba labari.
Awaki sun cinye fangali biyu ran da na yi gyangyaɗi.
Kuɗin adashe sun taɓa yin ƙafa,
aka yi mako ba a gaisawa.

Amma Muntari ya dawo.
Da asuba yana tura kurarsa, ba mai hana shi,
ya iso da wando jiƙe, ya zauna layin gaba.
Kwanan baya ya tsaya bakin ƙofa,
ya ɗauki tsinke ya yi zane a ƙasa.
Ya ce, Baba, wannan kai ne.
Na duba. Sanda ce ɗauke da itace,
kusa da ita ƙoƙo a buɗe.
Na ce, haka nake?
Ya ce, haka kake.

Ƙarshen wata da aka kawo takardar albashi,
akawu ya turo mini tawadar dangwale.
Na ce ya ba ni biro.
Na daɗe. Layi na ta tsaki a bayana.
Harafi biyar, gumi kamar na yi huɗa.
Da na fito, lokaci ya wuce da minti goma,
ƙarfe na rataye, yara na leƙe ta taga,
ba wanda ya buga.